Tamfol Ruwan Goro

Har yanzu in iska ta kaɗa tamfol ya yi ƙara, sai na firgita. Kuma tamfol nake sayarwa. Mutanen layinmu a kasuwar Gadarif sun saba ganina ina zabura a cikin rumfa, sun daina tambayata lafiya.

Sau biyu muka gudu, ni da Inna, daga Khartum zuwa Madani, daga Madani zuwa nan. Babana ya rasu tun kafin yaƙi, yayana kuma yana Masar. Da muka iso, gidan Kawu, ƙanen Inna, ya riga ya cika da dangin matarsa, har a zaure ake kwana. Don haka damina guda muka yi a farfajiyar wata makaranta, ƙarƙashin tamfol, wanda a nan ake ce wa mushamma. A can na san halinsa kamar yadda ake sanin halin mutumin da aka zauna da shi. Akwai wanda ke fara yagewa daga zoben ƙarfen gefensa. Akwai wanda rana ke cinyewa, ya riƙa zubo mana shuɗin gari a cikin abinci. Akwai mai tara ruwa a tsakiya ya yi tumbi, sai an tokare shi da sanda, in an yi rashin sa'a sandar ta huda shi. Ni da na gama sakandare ina mafarkin karatun harhaɗa magunguna, ilimin da na samu ke nan a shekarar.

Bayan damina Kawu ya samo mana ɗaki a gidan maƙwabcinsa. Muna shiga yayana ya fara kira, mu taso mu same shi, ya san direban da ke bi ta sahara. Inna ta yarda. Ni kuwa da na ji an ambaci mota da hanya, sai na ce ba zan iya ba. Na roƙe ta mu zauna. Ta ce ba za ta zauna tana cin na ƙanenta ba ga nasa nauyin ya ishe shi, amma za ta jira zuwa ƙarshen kakar riɗi mai zuwa. In na samu abin da zai riƙe mu a nan, mun zauna. In ban samu ba, sai hanya. Inna ba ta maimaita magana, kuma jakarmu ba ta kwance ta ba, tana nan a bayan ƙofa.

Kawu kayan gona yake sayarwa: igiya, lauje, buhu, basilla da zaren ɗinkin buhu. Na riƙa zuwa ina taya shi zama. A nan na ga yadda manoman riɗi ke neman tamfol. Riɗi ba ya jira. In an yanke shi an ɗaure an jingina ya bushe, sai a shimfiɗa tamfol a kifa damin a kakkaɓe, duk inda ya huje ƙwayar ta bi ta nan ta shige tsagar baƙar ƙasa, ba mai sake ganinta. A da daga Omdurman Kawu ke sarowa. Da hanyar ta mutu, abin da ke shigowa kasuwa irin wanda ya zuba mana gari a abinci ne. Ina taɓa shi na gane shi. Na ce wa Kawu wannan ba zai kai ƙarshen kaka ba, ya ce ya sani, amma shi ne akwai.

Na tambaye shi me zai hana mu sayo daga inda ake yin sa. Ya dube ni ta saman tabaraunsa, ya ce tajira ta iso gari. Amma bayan ya yi tsokanarsa ya gama, shi ne ya nuna mini yadda ake yi. Yana da aboki a Jidda wanda ke haɗa wa ƙananan 'yan kasuwa kaya a kwantena ɗaya, kowa da kusurwarsa, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, wani ya fito da su daga kwastan, lori ya kawo. Abokin ya ba mu lambar wata masana'anta a ƙasar Sin. Kawu ba ya son rubutu a waya, ya ce yatsunsa na igiya ne, sai ya bar mini.

Wadda ta amsa mini mace ce. Larabcinta na littafi ne tsantsa, irin wanda muke rubutawa a jarrabawa, kuma kowane saƙo sai ta fara da kirana uwargida mai daraja. Ina zaune a kan buhun igiya, takalmina ya sha laka, ana ce mini uwargida mai daraja. Da na karanta wa Kawu sai da ya ajiye kofin gahawarsa don dariya. Ni kuwa hakan ya yi mini. Tun daga Madani ba na iya haɗa ido da baƙon namiji, muryata kan maƙale. A rubuce babu wanda ya san haka. Na tambaye ta kauri, na tambaye ta saƙa, na ce ta ɗauki bidiyo ana jan zoben gefe da ƙarfi in gani. Ta yi duk, ba ta ƙosa ba.

Ta aika ƙananan yankuna na gwaji zuwa Jidda, wata tsohuwa da ta dawo daga umra ta taho mini da su a cikin jakar dabino. Na kafe su a kan rufin rumfarmu ta gida, gefe da gefe, tare da yankin na kasuwa. Na bar su suka sha ranar bazara. Lokaci lokaci in hau turmi in murza su da yatsa, in watsa ruwa, in goga su a kan kututturen dawa. Matan gidan suka ce na haukace, ina shanya tsumma ina gaishe shi kowace safiya. Ɗaya ne ya tsaya bai yi gari ba, wani shuɗi mai kauri. Shi na zaɓa. Inna ta warware gefen zanenta ta ciro awarwaron da ta ɓoye tun Khartum, ta ba Kawu ba tare da ta dube ni ba, ya sayar, shi ma ya ƙara da nasa kuɗin. Ya ce kusurwar rumfarsa ta hagu tawa ce zuwa ƙarshen kaka.

Ana saura kaɗan a loda kaya matar ta rubuto tana ba da haƙuri. Shuɗin ya ƙare, sai an sake yi, kuma in na jira shi kwantenar abokin Kawu za ta tafi ta bar ni, wadda ke biye da ita kuwa sai bayan an gama kakkaɓar riɗi za ta iso. Amma akwai irin saƙar, irin kaurin, a launi biyu. Ta turo hoto. Ɗaya kore ne mai duhu, wanda ya yi kusa da ruwan ƙasa. Ɗayan ruwan goro ne, mai haske kamar ɓawon lemo. Ta ce shawararta in ɗauki koren, don shi mutane suka fi saya, kuma launi ba ya canza aikin kaya.

Na ga hoton na kifa wayar a cinyata.

Kawu ya karɓa ya duba, ya ce ai babu abin shawara a nan. Manomi shuɗi ya sani, kore ya fi kusa da shi, ba ya nuna datti, kuma babu namijin da zai shiga gona da wancan abin sai ka ce zai kai amarya. Ya ce in rubuta mata a loda koren. Gaskiya ya faɗa game da kasuwarsa, ya fi ni saninta nesa ba kusa ba. Sai dai shi bai bar Gadarif ba tun da aka fara yaƙin. Ya sake cewa in rubuta.

Na ce, "Kawu, a hanyar Madani an tsayar da lorinmu a wani shinge. Akwai wani mutum kusa da ni, ya rufe kayansa da abu mai wannan koren, irin na sojoji. Ba a tambaye shi komai ba sai inda ya samo shi. Aka sauke shi. Muka tafi da matarsa da takalminsa ƙafa ɗaya."

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, Inna ma da aka yi a gabanta ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na ce masa daga Bur Sudan zuwa nan shinge nawa ne, kuma direban da zai ɗauko mana kaya ɗan wani ne. Na ce ko da sun iso lafiya, ba zan iya zama a tsakiyarsu daga safe zuwa yamma ba.

Kawu ya daɗe yana naɗe wata igiya da ba ta bukatar naɗi. Sannan ya ce, "Ya bitti, 'yata, awarwaron uwarki ne. In ba a saya ba, kin san hanyar da ke jiranki."

Na ce na sani.

"To rubuta mata. Mu ga ko Gadarif za ta yi aure bana."

Na rubuta. Matar ta sake tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Ban yi mata bayani ba, don ban san da wane Larabcin littafi zan faɗi wannan ba.

Damina ta sauka, muka shiga jira. Wani lokaci layin waya ya ɗauke, in rasa inda kayana suke, a teku ko a tasha. Yayana bai daina kira ba. Riɗi ya yi fure, ya fara ɗaukar 'ya'ya, kaya ba su zo ba. Sai da ganye ya fara rawaya sannan lorin ya shigo ta hanyar Shuwak da hantsi. Direban yana saukewa yana ba Kawu labari cewa a wani shinge sun farke ƙunshi ɗaya, da suka ga launin suka tambaye shi ko gidan biki zai kai, suka ce ya wuce. Kawu ya waiwayo ya dube ni. Na durƙusa na zaro gefe ɗaya na murza shi da yatsa. Shi ne, irin saƙar, irin kaurin. Na ja zoben da iyakar ƙarfina bai motsa ba.

Sayarwa kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Na shimfiɗa guda a saman rumfa a matsayin inuwa, daga bakin kasuwa ana hango mu. Cikin rumfar duk ya koma ruwan goro, Kawu ya ce fuskarsa ta zama kamar ta mai ciwon shawara, masu saye za su gudu. Maƙwabtanmu suka raɗa wa kayan suna mayafin amarya. Manomi ya zo ya taɓa, ya yaba kauri, ya dubi launi, ya wuce ya sayi shuɗin bakin layi. Ina komawa gida Inna ba ta tambayata, ni ma ba na duban bayan ƙofa.

Wanda ya fara saye wakilin wata babbar gona ne daga Gadambaliya, dattijo mai gajeren haƙuri. Ya zo a makare, shuɗi ya ƙare a kasuwa, ma'aikatansa na jiransa. Ya tsaya yana magana da Kawu kamar ba na wurin. Kawu ya ce kayan ba nasa ba ne, ga mai su.  Na miƙa masa gefe na ce ya yaga, in ya yage ya ɗauka kyauta. Ya ja, ya sa haƙori, ya taka da ƙafa ya sake ja. Ya ce yaransa za su yi masa dariya, amma ya saya.

Bai yi mako ba ya dawo da wasu mutum biyu. Ya ce an ja shi a kan kututturen riɗi daga wannan tarin dami zuwa wancan bai huje ba. Ya ce ƙwaya tana fitowa sarai a kansa, ba a barin komai a ninki. Abin da ya fi burge shi kuma, gonar ba ta da iyaka, mai lori kan ɓata yana neman inda ake kakkaɓa, yanzu daga nesa yake hango su. Har ya ce ba mai iya sace masa shi, don duk yankin an san nasa ne. Ɗaya daga cikin waɗanda ya kawo ya ce to daga yau wannan ta ƙare. Bayansu mutanen garin Doka suka zo. Ba sa cewa tamfol, ba sa cewa mushamma, tambaya suke ina yarinyar mai mayafin amarya. Kafin a gama kaka na sauke har wanda ke saman rumfa na sayar, Kawu ya ce ya yi kewar shawararsa.

Ban ji lokacin da Inna ta yi magana da yayana ba, ba ta kuma faɗa mini abin da suka ce ba. Wata ranar Juma'a na dawo na tarar da amalanken jaki a ƙofar gida, ana sauke randa, babba, irin wadda sai mutum biyu ke ɗagawa. Inna na tsaye tana nuna inda za a girke ta a inuwa, tana faɗa kada a fasa mata. Na tsaya ina kallonta. Ta ce in daina tsayuwa kamar baƙuwa, in je in ɗebo ruwa a jiƙa ta. Da na shiga ɗaukar bokiti na ga bayan ƙofa babu komai, kayanmu suna ninke a kan igiya.

Ban warke ba. In babur ya yi tusa a titi har yanzu ina samun kaina a durƙushe bayan buhuna, kuma ban taɓa zuwa Gadambaliya na ga kayana a gona ba, don ban sake hawa mota ba. Labari nake ji. Amma kusurwar hagu tawa ce, Kawu ya daina cewa zuwa ƙarshen kaka. Kwanan baya matar ta rubuto wa uwargida mai daraja cewa shuɗi ya samu, ko ta tanadar mini. Na karanta wa Kawu. Ya ce kada in kuskura.