Kaskon da Asresie Ta Hana a Fasa

Asresie tana da zagi, kuma ba ta taɓa cewa a yi mata uzuri ba. Ta zagi yumɓu, ta zagi jaki, ta zagi mijinta yana raye, da ya mutu ta zage shi don ya riga ta. Maginiyar tukwane ce a ƙauyenmu na Yahudawa da ke kan tudu a ƙasar Gondar, kuma Kiristocin ƙetaren rafi suna shanye baƙar maganarta saboda tukunyarta ba ta tsagewa a kan murhu.

'Ya ɗaya ta raya, Zenebu. Yarinyar ta ga wani manomi Kirista a kasuwa, ta bi shi don kanta, aka yi mata wankan shiga addininsu. Daga ranar dattawa suka ce ta zama baƙuwa. Ba za ta ƙetare dangar gidan da aka haife ta ba, wanda ya taɓa ta sai ya yi wanka a rafi, abin da ta ci a ciki sai a fasa.

Asresie ta jure wannan sauran watannin shekara. Lokacin Fasika, wato Idin Ƙetarewa, ne take kasawa. Tamu tana kamawa idan watanmu na Lisan ya cika: a farfasa tsoffin tukwane, a fito da sababbi, a yanka rago, a yi mako ana cin kita, gurasar da ƙullunta bai yi tsami ba. Ta Kiristoci kuwa ba ta yarda ta riga tamu. Takan jira tamu ta shigo, sannan ta nemi wata Lahadi, wata shekara kusa, wata shekara har an manta. Kafin Lahadin nan suna cikin dogon azumi, ba nama, ba man shanu. A makon ƙarshe ko gaisawa ba sa yi, balle sumba, wai da sumba aka ci amanar Yesu. Kowace shekara ke nan, ranar da uwa ke da nama 'ya na azumi, ranar da 'ya ta dafa kaza uwa ba ta cin yankansu.

Asresie ta taɓa tare limamin Kiristocin a kasuwa.

"Ranka ya daɗe, ku da kuke bin watanmu kamar ɗan akuya a bayan uwarsa, me ya hana ku iso mu ci tare?"

"Haka magabata suka tsara, Baba."

"Magabatan nan sun taɓa haihuwa?"

Namu limamin, Kes Adisu, bai samu sauƙi ba shi ma. Shi har sandarsa ta zaga.

Wata shekara idinmu ya faɗo cikin makon nan nasu na rashin gaisuwa. Da hantsi, ana shirin yanka, sai ga Zenebu a bayan danga da tsohon ciki, ta ƙetaro rafi ita kaɗai. Ba ta ce sannu ba, dokarta ta hana. Uwar ba ta ce shigo ba, tata ta hana.

"Ja'ira, dubi wuyanki kamar na zalɓe. Da cikin ma azumi suke sa ki?"

"Ba mai sa ni, Inna. Ƙamshin kitarki ne ya hana ni zama."

"Ƙarya kike, daga can hancinki ya jiyo?"

"Mu ma muna cin marar tsami ran Alhamis, don Yesu ya ci a idinku. Amma ta surukata kamar fatar ganga."

Asresie ta tsaya tana dubanta. Gari da ruwa ne kawai, ba abin da zai karya wa kowa azumi. Shekara nawa limaman nan biyu suna ƙirga mata abin da ya haramta, ba wanda ya ga ya dace ya faɗa mata abin da ya rage. Ta shiga, ta zubo kita a sabon kasko, ta fito bayan danga ta zauna a ƙasa. Suka sa hannu tare. Da suka gama ta kama kan 'yar ta sumbace shi. Zenebu ta ce, "Inna, kin ja mini." Uwar ta ce, "Ki ce mahaukaciya ce ta kama ki, za su yarda."

An yi wa Asresie hukunci. Ta je rafi ta yi wanka, ba ta tsarkaka ba sai da rana ta faɗi, ba ta ga yanka ba, ba a ba ta ko ƙashi ba. Kes Adisu ya aiko a fasa kaskon. Ta rataye shi a reshen itacen da ke bayan danga, ta ce a gaya masa nan ba gidan Bayahude ba ne, gidan tsuntsu ne.

A kaskon suka ci shekara da shekaru, har jikoki suka sa hannu. A kowace shekarar kuma ta rasa rabonta na rago. Matan da ke zuwa aron wuta wurinta suka daina zuwa, ba ta neme su ba.

A shekarar da ƙugunta ya ƙi ɗaukarta, matan ƙauye suka zo su yi mata fashe-fashen idi. Tana kwance tana jin ƙarar tukwanenta a kan dutse, sai ta ji sawu ya nufi bayan danga. Ta ɗaga murya.

"Ku 'yan nema, na cikin gida ku fasa duka, ni na gina su, ban ji ciwo ba. Na kan itace ku bar shi. In Zenebu ta zo, wata a cikinku ta zuba mata kita a ciki, ta zauna ta ci tare da ita. Kada ku bar mini 'ya tana ci ita kaɗai kamar kare. Wanka ne kawai, rafin bai ƙafe ba."