Garwashi a Gindin Turare

Duk wanda ya saba bin titin da ya gangaro daga Dutse Uku zuwa cikin gari ya san Maman Loyis mai gasa masara. In bai san sunanta ba, ya san hayaƙinta. Sunanta na baftisma Magadaliya, 'yar Vom ce, gajeriya ƙaƙƙarfa, ga baki ba a magana. Mijinta direban tifa ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da kurfot ɗaya, wato murhun gawayi na ƙarfe. Da kurfot ɗin nan ta ɗauro zani ta shigo Jos, ta zauna a gindin wata tsohuwar bishiyar turare da aka ce tun zamanin haƙar kuza aka dasa ta. Maza uku ba sa iya rungume gindinta. Shekara ashirin da uku ta yi a wurin, da damina masara, da rani doya da dankalin Turawa, har yaran suka girma suka kama gabansu.

A bakin titin nan ba a ba kowa takardar wuri. Wanda ya riga ya share da sassafe, har idon mutane ya saba da shi, wurin ya zama nasa. Ka yi fashin mako biyu wata ta sa tsintsiya, sai dai ka nemi gaba. Shi ya sa ko ranar Lahadi Maman Loyis sai ta zo da kayan coci a jikinta ta share gindin bishiyar kafin ta wuce sujada. Kuma tana da dalili, don a tsallaken titi akwai Firisila, wata matashiya mai gasa masara ita ma, zaune cikin rana ƙarƙashin yagaggiyar laima. Shekara shida Firisila tana kallon inuwar nan, irin kallon da mage ke yi wa kifi. A inuwar ne 'yan keke suke jiran fasinja, kuma su ne masu ciniki.

To ga inda gizo yake saƙar. Maman Loyis ba ta kashe wuta. Tun tana yarinya a Vom, inda sanyi ke shiga ƙashi, uwarta ta koya mata yadda ake kwantar da garwashi: a tara shi wuri ɗaya, a lulluɓe da toka, gari na wayewa a tone a hura. Da ta zo Jos sai ta ga wani lungu tsakanin saiwoyi biyu na bishiyar, iska ba ta shiga, ruwa ba ya taɓawa. Kullum kafin magariba nan take juye garwashinta ta rufe. Da safe sauran mata suna fama da ashana da leda suna hawaye, ita masararta ta riga ta fara ƙamshi. Haka shekara ta bi shekara, lungun yana ta faɗi. Ya fara ɗaukar mafici, ya dawo yana ɗaukar kujera, daga baya buhun gawayi da kurfot suka riƙa kwana a ciki. Ta samo guntun kwano ta yi masa ƙofa har da kwaɗo. In ana hira sai ta daki bishiyar tana dariya, ta ce itacen nan ya fi wasu 'yan'uwa, ya ba ta inuwa ya ƙara mata da sito. Kaico, ba ta taɓa tambayar kanta daga ina siton ya fito ba.

Wanda ya tambaya shi ne Malam Haladu mai faci. Mutumin Dilimi ne, siriri, mai magana a hankali, rumfarsa taku goma daga gindin bishiyar. Ya riga ta zuwa wurin da shekara biyu. Shekarar da gari ya rikice, shi ya kwashe mata kaya ya ɓoye a rumfarsa, ya raka ta har inda ta ga mutanen unguwarsu sannan ya juyo. Ba su taɓa tayar da zancen ba, sai dai tun daga ranar masarar farko da ta nuna kowace safiya tasa ce.

Wata rana yana kwance taya sai ya taso da ƙarfensa ya ƙwanƙwasa gindin bishiyar. Ta amsa kamar ganga. Ya zaga baya ya sake bugawa, haka. Ya ce mata bishiyar nan cikinta babu komai, fata ce kawai take tsaye, wuta ta cinye ta. Ta ce ya duba sama, ga ganye shar, wace matacciyar bishiya ce take ganye? Ya ce taya ma takan yi kyau daga waje alhali wayar ciki ta gama tsinkewa. Ta ce to ya tsaya kan tayarsa, ita ta tsaya kan masararta. Da ya ga bakin nata ya fara ɗaukar zafi sai ya koma rumfarsa.

A farkon daminar bara iska ta kayar da bishiyoyi a wurare da dama cikin gari, har wata ta danne mota. Ba a jima ba sai ga wasu ma'aikata biyu da gwangwanin jan fenti suna bin titi, suna ƙwanƙwasa kowace bishiya, wadda ba su yarda da ita ba su zana mata alama. Suka iso ta Maman Loyis. Babban nasu ya leƙa siton ya girgiza kai, ya zabga mata alama ƙatuwa daidai ƙirjin mutum, ya ce masu inji suna tafe cikin mako, duk mai ja za su sare. Ta ce oga, ita kuma ta zauna a ina? Ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Firisila tana tsallake tana fifita wuta, murmushi har kunne.

Kwana biyu Maman Loyis ba ta iya cin abinci ba. Ta san abin da zai biyo baya sarai. In bishiya ta tafi inuwa ta tafi, 'yan keke za su koma wani wuri, sito ya tafi, kuma mace mai shekara hamsin da takwas ba za ta riƙa jigilar kurfot da buhun gawayi a ka safe da yamma ba. Loyis, babbar 'yarta, ta daɗe tana cewa ta dawo gida ta huta. Hutu? Ta zauna a ɗakin suruki tana jiran a miƙo mata kwano? Ita dai ta ce gara mutuwa.

Kowa ya san turare ɓawonta da kansa yake saɓulewa. Rana ta uku da sassafe, kafin titi ya cika, ta gama shara ta ɗauko wuƙar da take feraye doya. Ta soka a ƙasan alamar ta ɗaga, ɓawon ya taho sala guda, jan fentin duka a jikinsa. Ta shafa toka da laka a wurin, ta kakkarya ɓawon ta cusa a kurfot. Warin fenti ya tashi. Tana ɗagowa ta ga Malam Haladu tsaye da makullin rumfarsa a hannu.

Ya ce, "Maman Loyis, me kika yi?"

Ta ce, "Malam Haladu, in an sare wannan itace, ni aka sare. Ka rufa mini asiri, damina ɗaya kawai."

Ya dubi hayaƙin. Ya ce shi dai bai ji daɗi ba, wallahi bai ji daɗi ba. Ya buɗe rumfarsa. Ranar bai karɓi masarar farko ba.

Masu injin ba su ne masu fentin ba, wasu daban ne aka ɗauko, abin da aka gaya musu kawai shi ne su bi ja. Suka sare huɗu a saman titin, biyu a gangarensa, suka zo gindin bishiyarta suka zauna suka huta a inuwa, har ta ba su masara kyauta. Suka ci suka gode suka wuce. Maman Loyis ta yi farin ciki ranar, farin ciki na gaske, har da 'yar waƙar coci tana juya masara. Ciniki kuwa ya ninka, tunda inuwar da ta rage a titin tata ce kaɗai. Malam Haladu ya ce mata ko ba komai ta daina kwantar da wuta a ciki. Ta ce to. Ta daina na kwana huɗu, a na biyar gawayi ya jiƙe ya ƙi kamawa, ta koma.

Damina ta yi nisa lafiya lau, har ta fara yi masa tsiya, tana tambayarsa ina gangar tasa. Sai ƙarshen watan tara, wata Alhamis bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta riga ruwa isowa, ledoji da kwanon rufi suna ta shawagi, sai ga ƙanƙara. A nan ne za ka san Maman Loyis ta san gaskiya tun tuni, don ita da take rantsuwa da lafiyar bishiyar nan ba ta fake a gindinta ba. Ta suri daron masara ta tsallaka titi a guje zuwa barandar wani shago inda mutane suka cunkushe. Malam Haladu ya rufe injin iskarsa ya biyo bayanta. Ya kai tsakiyar titi ke nan ta waiwaya ta hango sabon buhun gawayinta a waje, ruwa yana dukansa.

Ta ɗaga murya, "Malam Haladu, gawayina! Don Allah tura mini shi ciki!"

Ya tsaya. Ya dubi bishiyar, ya dube ta. Sai ya juya, don shekara ashirin da uku in ta ce don Allah bai taɓa ce mata a'a ba. Ya ja buhun har bakin siton, ya durƙusa yana turawa. Ƙarar da aka ji ba mai girma ba ce, kamar a karya rake. Bishiyar ta murɗe daga gindi, ta zauna a kansa, sannan ta kwanta ta rufe titi. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarya ne, wannan karon mai jan ruwan tana baranda a bushe, rungume da daron masara.

Ruwa bai ɗauke ba jama'a suka taru. Masu ɗaukar hoto da waya sun fi masu ɗaga itace yawa. Sai da aka yi awa biyu kafin a samo inji a yanka a fito da gawarsa, kuma tun ana cikin yankan wasu suka fara jan rassa zuwa gida, don turare itacen girki ne mai kyau. Kafin a yi masa wanka a Dilimi rabin bishiyar ya shiga murhun mutane. Abin da ya rage kututture ne, buɗe kamar tukunya, cikinsa baƙi wuluk, kaurin bangonsa bai wuce yatsu huɗu ba. Ga kurfot a murƙushe a ciki, ga tokar shekara da shekaru. Duk wanda ya leƙa sai ya ɗago ya nemi Maman Loyis da ido. Firisila kuwa ba ta bar kowa cikin duhu ba, ta ce ai da alama a jikin bishiyar, ita da idonta ta gani, a tambayi inda alamar ta tafi.

Ranar sadakar uku Maman Loyis ta yafa mayafi ta tafi Dilimi. Ta shiga wajen mata, ta durƙusa gaban Hassana, matar marigayin, wadda ta sha aiko mata da abincin salla. Ta yi mata gaisuwa. Da Hassana ta zage ta ko ta shaƙe ta, da ta samu sauƙi. Amma matar ta amsa gaisuwar cikakkiya, ta sa aka kawo mata ruwa, sannan ta matso ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ya gaya mini zancen fentin tun ranar. Na ce ya je ya faɗa, ya ce ba zai raba ki da abincinki ba. To ga shi bai raba ki ba, Maman Loyis. Ki je ki ci."

Ta tafi kuwa. Washegari da sassafe ta zo da tsintsiya da sabon kurfot ta share gefen kututturen, tana jiran a kore ta. Ba wanda ya kore ta. Wurin da ta yi shekaru tana tsaro ko Firisila ba ta son sa yanzu. 'Yan keke sun koma tsallake, masu tafiya a ƙasa in sun zo daidai ita sai su sauka kan kwalta su zaga. Rana ta buɗe a kanta ba ko ganye ɗaya, ta jera masara shida, ta juya, ta juya, suka nuna, suka bushe, suka ƙone. Ta farko da ta nuna tana gefe inda ta saba ajiye wa Malam Haladu, har yamma.

Da magariba ta kusa ta kwashi garwashi a guntun kwano, ƙafarta ta kai ta bakin kututturen kafin hankalinta ya iso. Ta tsaya a nan har kwanon ya fara ƙona mata yatsu, sannan ta juye shi a kwata. Da safe gawayi ya ƙi kamawa, ashana ta ƙare. Ta tsallaka titi da kwanon a hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce wa Firisila ta taimaka mata da garwashi biyu. Firisila ta dube ta sama da ƙasa, ta ce wutarta ta mutu. Hayaƙi kuwa yana ta tashi a bayanta, masara jere tana ƙamshi.