Tokar Illo Mai Fenti

Duk Dogon Dutsi ba wanda bai san Illo mai fenti ba. Ko ba ka san fuskarsa ba ka san wandonsa, wanda ya sha launi har ya fi teburin mai alawa ado. Shekara talatin yana shafe ɗakunan mutane, kuma launi biyu ya sani a duniya: shuɗi mai kashe ido da kore irin na ɗanyen mangwaro. In amarya ta so burgewa, sai ya haɗa mata duka biyun, sama da ƙasa. Daga nan har Matankari, in ka shiga ɗaki idonka ya fara ruwa, to hannun Illo ne.

Ran nan Madam Raihana, malamar lakkwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Yamai, ta kira shi falonta ta nuna masa hoto a waya.

"Baba Illo, toka-toka nake so, amma mai ɗumi."

"Mai ɗumi? 'Yata, bango ne ko kunu?"

Ya dai karɓi aikin, don tunda aka haife shi bai taɓa cewa bai iya ba. Ya zuba baƙi cikin fari, ya dama, ya shafe falo tas. Da ya bushe, sai ga bango kamar yanzu magini ya gama yaɓa masa siminti.

Matan unguwa suka zo ganin ɗaki. Inna Balki, tsohuwar da ba a kafa ko ƙusa a unguwar ba ta leƙa ba, ta dubi bango, ta dafa kafaɗar Madam.

"Sannu 'yar nan, haka gini yake, a hankali ake yi. Allah ya ba da ikon yin fenti."

Sauran suka ce amin, amin. Ga Illo tsaye da burushi a hannu, har da ɗigon fentin a gemunsa!

Kafin la'asar 'yan kabu-kabu sun raɗa masa Illo Siminti. In sunan nan ya zauna, ko akurkin kaji ba mai sake kiransa ya shafe.

A gida ya zuba tagumi kusa da murhu, matarsa Ajuma tana kwashe toka. Inda tokar ta zube ta gauraya da jar ƙasar tsakar gida, sai ta yi wani launi mai taushi, kamar bayan kurciya. Illo ya zabura.

"Ajuma, kar ki share!"

"To fa! Malam, yau kuma toka za ka ci?"

Ya kwashe tokar a sakaina, ya wawuri ludayin miyar Ajuma, sai kasuwa. Ya sayo hodar fenti ja da rawaya, ya dinga ɗiga su cikin bokitin fentin kaɗan-kaɗan yana damawa da ludayin, yana duban sakaina yana duban fenti, har suka zama ɗaya. Washegari ya sake shafe falon, ya sa Madam ta jera jajayen matasanta na jingina, ta rataya faya-fayai uku a bango.

Inna Balki ta dawo, ta kankari bangon da farce don ta tabbatar. Ta zauna wai minti ɗaya, ba a samu ta tashi ba sai da aka kira azahar. A bakin ƙofa ta juyo.

"Illo, gobe ɗakina. Shuɗin nan naka shekara goma yana hana ni gyangyaɗin rana."

Yanzu Illo Toka ake ce masa, yana amsawa da ƙarfi har da ɗaga hula. Ajuma kuwa har yau cigiyar ludayinta take yi.