Ɗalhan da Na Yi Ta Nema a Greensboro

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Binta, kuma har yau akwai tambaya guda da ban yi mata ba.

Ni mutum ne mai zargi, ba na musu. Ko fara'a aka yi mini fiye da kima sai na ce me ake nema. To wata Asabar, zafi ya fara ja baya, na ji ta a waya tana cewa za ta McLeansville saboda Ɗalha. Haka dai kunnena ya jiyo. Da azahar ta dawo rungume da damin furanni, ja da ruwan goro, kowanne ya kai tafin hannu. Ni ban saya ba, kuma a tunanina Bahaushiya ba ta sayen abin da ba a miya da shi.

Ban tambaye ta ba, na dai zuba ido. Takan datse gindinsu a karkace, ta tsige ganyen da zai taɓa ruwa, ta sauya ruwan kullum da safe, ta kawar da su daga bakin taga don kada rana ta dafa su. Ina kallo ina ƙuna: duk wannan hidima don Ɗalha? A masallaci kuwa na bi mutane da dabara ina tambayar ko akwai mai wannan suna a garin nan. Kaka biyu na yi ina ɗaure mata fuska.

Ranar sadakar bakwai ɗin Binta, ƙawarta Anti Rabi, 'yar zangon Kumasi, ta shigo da irin furannin nan.

"Alhaji, ga daliyarta. Matar da ke da farm ɗin ce ta ce a kawo."

"Ga me?"

"Daliya mana. Sunan flower ɗin ke nan. Binta ta san kana neman Ɗalha. Ta ce a ƙyale ka, ranar da ka tambaye ta da bakinka za ta gaya maka."

Kunyar da na ji ranar ba ta sake ni ba har yanzu.

Da za ta ga damin da ake jerawa cikin leda a kantunan titin Wendover yau, na san ba za ta yarda da su ba. Sai ta juya furen ta duba bayansa ko ya fara yaushi, ta ajiye wanda bai buɗe ba, don daliya ba ta buɗewa bayan an yanke ta. Ashe ita ma tana da nata zargin, sai dai a kan fure ya tsaya.

Duk kaka, kafin sanyi ya kashe su, nakan tuƙa zuwa gonar nan in sayo dami guda. Ina yi musu duk abin da na gani a hannunta lokacin da nake gadinta. Kwana biyar suke yi su zube. Halina bai gama sauyawa ba, amma yanzu in abu ya tsaya mini a rai nakan buɗe baki in tambaya. Ita ce ta koya mini, ita kaɗai ce kuma ban tambaya ba.