Kafinta da Katakon Falonsa

Shekara ashirin ke nan da wani kafinta ya shimfiɗa daɓen katako a falonsa, kuma tun ranar ya ɗaura yaƙi da ruwa. Ba a goge falon da jiƙaƙƙen tsumma, ba a shanya wanki a ciki, baƙo ma a bakin ƙofa yake shan shayinsa. Kullum da safe sai ya buɗe tagogi yana shinshinar danshi.

Rannan katakon ya kumbura, ga wani zagayayyen tabo. Ya tara iyalinsa, ya rantse sai mai laifi ya fito.

Matarsa ta ɗauko robar da yake jiƙa ƙafafunsa kowace yamma, ta ɗora kan tabon. Ta zauna cif.

"Baban yara," in ji ta, "ci gaba da binciken."