Ranar da Muka Ɗura wa Mussar Inna Ruwan Gishiri

Ina shiga gidanmu a Boɗinga na tarar ƙarti uku sun danne mussar Inna, wato kyanwarta, cikin buhun albasa, kanta kaɗai ke waje. Kawu na riƙe da ludayi.

Wai an sa wa ɓeraye guba a rumbu, sai aka ga kyanwar da ɗaya a baki. Nan take kowa ya zama likita. Maƙwabci ya ce manja, matarsa ta leƙo ta katanga ta ce kanwa. Kawu ya yanke hukunci: ruwan gishiri, sai ta amayar.

Ludayi biyu aka ɗura mata. Ba amai, sai sarƙewa da kakari. Inna ta fara salati.

Na kira likitan dabbobi na Shagari, na miƙa wa Kawu waya.

"Likita, gishiri munka ba ta, awa yadda aka yi ma mutum."

"Alhaji, mutum ma wa ya ce a yi mishi haka? Gishirin kaɗai na iya kashe ta, in ruwan ya faɗa huhu kuwa, shi ke nan. Ku aje ludayin, ku kawo ta yanzu."

Muna fitowa da babur, sai ga gawar ɓeran a bayan rumbu, ko kunnensa mussa ba ta ci ba.

Mussa ta sha magani wurin likita ta tashi. Yanzu da ta hango Kawu, sai bisa katanga.

Gubar da ta shiga cikinta ranar nan, mu muka dama ta da hannunmu. Ku fa, a gidanku wa ke riƙe da ludayin?