Wandon Ladan

A shekarun yaƙin basasa aka tura ni Ajingi koyarwa a makarantar firamare. Na iso da akwati da keke, da kuma kayan sikawut da na baro kwalejin horon malamai da su: rigar kaki, gajeren wando, doguwar safa, ƙyallen wuya da usur. Ba wanda ya umarce ni in kafa rundunar sikawut, kuma ba a biyan kowa a kan wannan aiki. Na nemi izinin hedimasta, ya ce in yi abin da na ga dama muddin ban taɓa kuɗin makaranta ba.

Yara sun zo da ɗoki. Iyaye ne ba su yarda ba, kuma suna da hujja. A lokacin ana ɗibar samari soja, kusan kowace unguwa tana da wanda ya tafi aka daina jin labarinsa. Sai ga wani baƙon malami ya sa kaki yana busa usur, ya jera 'ya'yan mutane a fili yana koya musu maci. Ba a jima ba rabin yaran suka daina zuwa.

Daga nan dattawa suka turo wanda zai gano musu gaskiyar lamarin. Ladanin masallacin unguwarmu ne, mutum mai kimanin shekara hamsin, ɗan asalin Toranke. Kakanninsa Barebari ne da fataucin kanwa ya kawo su, shi ma yana taɓa sayar da ita idan an gama aikin gona. Ya zo da butarsa da carbi, ya zauna a gindin tsamiyar bakin fili, yana kallonmu har muka tashi. Sannan ya yafito ni.

"Malam, kai Bafulatani ne ko?"

Na ce, "Ta wajen uba."

"Ai na sani. Tun daga nesa na hango ƙafafu biyu kamar karan dawa bayan girbi, na ce wannan bawanmu ne ya ɓace."

Na ce, "Baba Ladan, ni ma da na ga fuska kamar kunyoyin gyaɗa na san an turo mini Babarbare."

Ya yi dariya har da tari. Da ya koma, abin da ya faɗa wa dattawa shi ne: wannan ba soja ba ne, wasan yara ne mai ɗan hankali a ciki. Mako na gaba yaran suka dawo, shi ma ya dawo. Tun ana cewa sa ido yake yi, har ya zama ba a fara taro sai ya iso.

Ni na san littafi, na san ƙulle-ƙullen igiya da alamun hanya da taimakon gaggawa. Shi kuma yana da abin da ba zan taɓa samu ba ko da na shekara ashirin a garin, wato yardar iyaye. Idan zan kai yara kwana a daji, shi yake bi zaure zaure yana neman izini. Shi ya ce mini in daina kiran taro da safiyar Asabar idan damina ta faɗi, domin ba uban da zai saki ɗa a lokacin noman fari. Da shi muka je Gafasa yara suka share bakin rijiya suka kewaye ta da ƙaya saboda dabbobi. Da shi muka kwana a bayan Toranke, matan danginsa suka aiko da tuwo, duk da na faɗa cewa ƙa'ida ita ce yara su dafa da kansu. Ya ce in je in faɗa wa matan da bakina.

Abu ɗaya ya dame ni. Malamin makaranta baƙo ne, duk ranar da ofishin ilimi ya ga dama zai ɗauke shi. Na ga abin da ya faru a Kademi: malami ya kafa runduna mai kyau, aka yi masa canji, a take ta mutu, ganga ta koma hannun masu roƙon biki. A tsarinmu runduna ba ta tsayawa sai da shugaba mai takardar izini, takardar kuma ba ta samuwa sai mutum ya halarci kwas cikin cikakken kayan ƙungiya. In Ladan ya sami takardar, tafiyata ba za ta kashe komai ba. In bai samu ba, abin da ya sami Kademi zai same mu.

Da aka ba da sanarwar kwas a Gaya a hutun rani, na je zaurensa da kayana a hannu. Ya ɗaga rigar, ya ce ba laifi. Ya ɗaura ƙyallen a wuya, ya ce ko jakinsa ma yana da irinsa. Ya zo kan wandon, ya riƙe shi da yatsa biyu.

"Wannan na wane yaro ne?"

"Nawa ne, Baba. Irinsa za a ɗinka maka."

"Komai zan sa, ban da wannan. Daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, haka aka karantar da ni tun ina riƙe da allo. Kai yaro ne kuma ɗan boko, mutane sun riga sun yafe maka. Ni in na fito da gwiwa a waje ranar Asabar, wa zai amsa kiran sallata ranar Lahadi?"

Ban yi masa gardama ba, don na san yardar da iyaye suka yi masa a kan irin wannan take. Na ce to mu yi dabara: a ɗinka wando ya ɗan wuce gwiwa, safa ta tarye shi daga ƙasa. Mai kallo daga nesa zai ga sikawut, mai duba na kusa ba zai ga fata ba. Ya ce Fulani ba su rasa makirci, amma a gwada.

Na sayi yadin kaki, muka je wurin wani tela a kasuwar Gaya. Telan ya rataya awo a wuya ya ce, "Gajere ko dogo?"

Na ce, "Tsaka-tsaki."

"Malam, wando iri biyu ne a duniya."

Ladan ya ce, "Yau za ka ɗinka na uku."

Bai yarda a auna shi a tsaye ba. Ya ce tsayuwa tana ruɗi, wando yakan ja sama idan an lanƙwasa. Ya yi ruku'u a tsakiyar rumfa, telan ya auna. Ya yi zaman tahiya a kan tabarma, telan ya sake aunawa. Masu jiran ɗinki suka kewaye mu, wani ya tambaya ko sabuwar ɗariƙa ce ta shigo gari. Da wandon ya fito, ba shi da kyau ko kaɗan, faɗinsa kamar buhu biyu. Amma ya rufe abin da ake so ya rufe, kuma da aka haɗa shi da riga da safa da ƙyalle, ni dai na ga shugaban sikawut.

Muka isa makarantar da ake kwas ɗin a kan kekuna. Sauran mahalarta duk malamai ne matasa irina, daga makarantun ƙasar Gaya. Mai ba da horon ya zo daga Kano a kan babur. Ba zan zalunce shi ba: akawu ne a wani kamfani, shi ma ba a biyansa, hutunsa ya sadaukar, kuma ya san aikinsa. Da safe ya jera mu don duba kaya. Yana tafe yana gyara wa wannan ƙyalle, yana ja wa wancan safa, har ya iso kan Ladan. Ya tsaya. Ya ja da baya ya sake dubawa.

"Baba, wannan mene ne?"

"Wando ne, ranka ya daɗe."

"Na ga wando ne. Ƙa'ida ta ce ya tsaya a saman gwiwa."

Na fito daga layi na nemi izinin magana. Na bayyana masa ko wane ne wannan mutum, da yadda runduna ta kusa mutuwa ya tashe ta. Na ce duk waɗanda ke tsaye a layin nan, har da ni, baƙi ne a garuruwan da suke aiki, shi kaɗai ne za a samu a inda aka bar shi bayan shekara goma. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Malam, ban ƙi maganarka ba. Amma ba ni na rubuta ƙa'idar ba, ba ni kuma da ikon sauya ta. In na yarda da wannan yau, gobe wani zai zo mini da babbar riga." Ya juya ga Ladan. "Baba, ni ma Musulmi ne. Ga dogon wandona can a jaka, in lokacin salla ya yi sai in sa. Kai ma ka yi haka."

"Ranka ya daɗe, ni ba don salla kaɗai aka ce mini in rufe ba."

"To a naɗe shi sama kaɗan, lokacin fareti kawai. Da an tashi ka sake shi."

Filin yana bakin hanyar da mutanen Ajingi ke bi da jakuna zuwa kasuwa. Ladan ya dubi hanyar, ya dubi mutumin, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Na tambaya ko za a karɓi cikakken dogon wando. Mai horon ya ce shi ma ba ya cikin ƙa'ida. Wato tsawon da ake magana a kansa bai wuce tafin hannu ba, kuma duk wanda ke wurin ya san haka.

Na ɗauka Ladan zai hau kekensa ya koma gida. Sai ya tambaya ko haramun ne baƙo ya zauna ya yi kallo. Aka ce ba haramun ba ne. Ya sami inuwa a gefen fili ya zauna da butarsa, kamar ranar da na fara ganinsa. Haka ya yi har kwas ya ƙare. Idan ana ƙulla igiya, yana ƙulla tasa a inuwa. Idan lokacin salla ya yi, shi yake kira, mai horon ya sa dogon wandonsa ya bi sahu. Ranar ƙarshe aka kira sunan kowa aka ba shi takarda, ban da shi. Yana cikin masu tafa musu.

A hanyar komawa na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Bawana, rage gudu, ƙafafun nan ba za su kai ka Ajingi da fushi ba."

Na je Kano a kan maganar ba sau ɗaya ba. Kullum ana karɓata da fara'a, a ce batu ne mai muhimmanci, za a gabatar da shi a taro na gaba. Ban taɓa jin an gabatar ba. Kafin wata damina ta zagayo aka yi mini canji zuwa wata makaranta a yammacin Kano.

Malamin da ya gaje ni ba ruwansa da sikawut, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda za a tilasta wa aikin sa kai. Ladan ya ci gaba da tara yara a gindin tsamiya na ɗan lokaci. Sai hedimasta ya kira shi, cikin ladabi, ya ce idan yaro ya faɗo daga itace ko ya nutse a kududdufi, shi hedimasta za a tambaya wa ya ba wannan mutum izini, shi kuma ba shi da amsa. Aka kulle tanti da tuta a sito. Na ji daga baya gara ta cinye tantin.

A ƙarshen shekarun saba'in na tsaya kallon wani faretin yara a Kano. Ga 'yan sikawut sun wuce, ga shugabanninsu a gaba, da yawansu cikin dogon wando har idon sawu. Na bi ɗaya na tambaye shi yaushe aka halatta. Ya dube ni da mamaki, ya ce shi haka ya tarar. Na tambayi wasu, ba wanda ya iya faɗa mini ranar da aka sauya ko wanda ya sauya.

Da na sami hutu na tafi Ajingi. Na tarar da Ladan ya dawo daga gona, gemunsa ya yi fari fat, yana sanye da wandon nan, ya koɗe, an yi masa faci a gwiwa biyu. Ya ce don noma ba shi da na biyu, ba ya kama ƙaya kuma ba ya hana sunkuyo. Na ba shi labarin abin da na gani a Kano.

"Har idon sawu?"

"Har idon sawu, Baba."

"To nawa yanzu ya yi gajarta ke nan."

Na ce in yana so zan nemo masa takardar, yanzu ba abin da zai hana. Ya girgiza kai. Ya ce yaran da muka tara duk sun yi aure, idonsa kuma ba ya ganin ƙullin igiya. Na tambaya ko an sake kafa runduna a makarantar. Ya ce tun da aka kulle siton ba a sake busa usur a filin ba. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce in matsa masa, la'asar ta yi, zai je ya sauya kaya.